Daga Madubin Papanikolau Zuwa Kwalbar Fitsari

A shekarar 1928 wani likita ɗan asalin Girka da ke aiki a Amurka, Georgios Papanikolau, ya bayyana cewa ana iya gano sankarar bakin mahaifa ta hanyar duba ƙwayoyin halittar da aka shafo daga jikin mace. Likitoci ba su ba shi muhimmanci ba sai bayan littafin da ya fitar a 1943. Gwajin ya ceci mata masu yawa a Turai da Amurka, amma yana bukatar gado, ƙarfen buɗawa, ƙwararren mai duba madubi, da macen da za ta yarda ta kwanta a gaban baƙo.

A nan gizo ke saƙar a Batsari da Safana. Garuruwan da ke bakin dajin Rugu sun shafe shekaru cikin fargabar 'yan bindiga, tafiya Katsina domin gwajin cutar da ba ta fara ciwo ba kuwa abu ne da ba kowane maigida zai lamunta ba. Ga kuma kunya, wadda masu tsara manufofi kan raina.

A 1983 da 1984 Bajamushe Harald zur Hausen ya gano nau'i na 16 da na 18 na ƙwayar HPV, masu haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. Daga nan aka koma neman ƙwayar kanta. Wani nazari da mujallar BMJ ta wallafa a 2014 ya nuna ana samunta a fitsari, musamman kashin farko da ke fara fita, domin shi ke wanko abin da ya taru. Har yanzu ana gwada ingancin hanyar.

Najeriya ta fara riga-kafin HPV a Oktoban 2023, ya iso Katsina a 2024, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Iyayensu mata sun wuce shekarun allurar. Gwaji ne kaɗai ya rage musu, a ƙasar da cutar ta kashe mata kimanin 8,000 a 2020.

Kwalbar fitsari na iya shiga gidan kulle a jakar ungozoma. Sai dai matar da aka samu da ƙwayar dole ta je a duba bakin mahaifarta, kuma hanyar asibitin tana nan yadda take.