Kwamfutar da ke hasashen wa zai kwanta asibiti

1/ Jama'a, kafin wannan hayaniya ta AI, an daɗe ana sa kwamfuta ta faɗi wanda zai kwanta asibiti baɗi. Bari in ba ku tarihin, daga Birtaniya. Ku biyo ni. 🧵

2/ A farkon shekarun 2000, hukumar lafiya ta NHS a Ingila ta lura mutane ƙalilan ne ke cika yawancin gadaje, galibi tsofaffi masu ciwon da ba ya warkewa. Dabarar farko: a nemo waɗanda suka fi kwanciya bara, a haɗa su da nas.

3/ A 2005 binciken Martin Roland da abokan aikinsa ya nuna gizo. Tsofaffin da aka kwantar sau biyu ko fiye a shekara, kwanciyarsu kan ragu daga baya ko ba a yi musu komai ba. Wato bara daban, baɗi daban.

4/ A shekarar aka fito da PARR, aikin King's Fund da Jami'ar New York da kamfanin Health Dialog. Tana duba tsofaffin bayanan asibiti, ta ba mutum maki daga 0 zuwa 100 kan yiwuwar komawarsa cikin wata 12.

5/ A 2006 Combined Predictive Model ta ƙara da bayanan likitocin unguwa, don a gano har wanda bai kwanta kwanan nan ba. Sikotilan ta yi SPARRA, Wales ta yi PRISM.

6/ To, an rage kwanciyar? Jami'ar Swansea ta gwada PRISM a asibitocin unguwa 32, mutum kusan 230,000. Sakamakon 2018: kwanciyar gaggawa ta ƙaru da kashi 1 cikin 100. Ƙaruwa fa, ba raguwa ba!

7/ A ganina abin ba mamaki. Ka ce wa likita wane na cikin haɗari, amma ba ka ba shi nas mai zuwa gida ko wata hanyar kulawa ba, ina zai tura shi in ba asibiti ba?

8/ Don haka duk wanda ya tallata muku manhajar hasashen cuta, ku tambaye shi: bayan ta faɗi sunan, wa zai je wajen mara lafiyar, kuma da me a hannunsa?