Tarihin Kyamara Mai Hawa-hawa a Finafinan Katun

Masu haɗa finafinan katun na farko sun sha fama da matsala guda: zane a kan takarda a shimfiɗe yake, ba ya nuna nesa da kusa. Ido kuwa ba haka ya saba gani ba. Matafiyi a cikin mota yakan ga itatuwan bakin hanya na wucewa a guje, duwatsun nesa na tafiyar hawainiya, wata kuma kamar a tsaye yake. Wannan bambancin sauri ne masu zane suka nemi kwaikwaya.

A 1914 Ba'amurke Earl Hurd ya yi rajistar dabarar zana mutum ko dabba a kan falle mai garau kamar gilashi, a ɗora shi bisa zanen fili wanda ba ya sauyawa. Aiki ya ragu, amma fallayen na manne da juna, saboda haka zurfi bai samu ba.

Bajamushiya Lotte Reiniger ce ta raba su. A fim ɗinta na Yarima Ahmed na 1926, wanda ta tsamo daga Dare Dubu da Ɗaya, ta yanka siffofi daga kwali, ta jera su a kan gilasai hawa-hawa, fitila a ƙasa, kyamara a sama. A 1933 mai zanen katun Ub Iwerks ya haɗa tasa na'urar da tarkacen tsohuwar mota ƙirar Chevrolet.

Wadda ta fi shahara ita ce ta kamfanin Disney, da William Garity ya ƙera, aka gwada ta a gajeren fim The Old Mill a 1937. Tana ɗaukar gilasai har bakwai masu zanen fenti. Ma'aikata kan gusar da kowane gilashi da nasa gwargwadon, na kusa da yawa, na nesa kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a sake gusarwa, alhali daƙiƙa guda ta fim na cin hotuna 24. Da haka kyamara ke kutsawa cikin daji, itatuwa na darewa, wata bai ƙara girma ba. An ci moriyarta a Pinocchio a 1940 da Bambi a 1942.

Aikin na da tsada da cin lokaci. The Little Mermaid na 1989 ne fim na ƙarshe da Disney ya yi da irin wannan kyamara, daga nan kwamfuta ta karɓi ragama. Manhajojin katun na yau suna jera zane hawa-hawa bisa wannan ƙa'idar.