Halowin: bikin kaka ne kafin ya koma kasuwar dodanni

Duk ƙarshen Oktoba sai gardamar nan ta dawo. Wani ya ɗora hoton yaran wata makarantar kuɗi cikin shigar fatalwa, nan take a rabu biyu: masu cewa bautar Shaiɗan ce kai tsaye, da masu cewa wasan yara ne kawai, a daina takura. Abin ya fi zafi a 2022, da hotunan matasan Riyad sanye da fuskokin dodanni suka bazu. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu ba su leƙa tarihin abin ba.

Asalinsa na manoma da makiyaya ne. Mutanen Ayalan da Sukotland na dā suna da biki a farkon Nuwamba mai suna Sawin, lokacin da aka gama girbi, aka sauko da shanu daga kiwon kan tuddai. Mu a Kibiya kaka lokacin walwala ce. Rumbu ya cika, gyaɗa ta shiga kasuwa, a sa ranar aure, a buga dambe, a yi kalankuwa. Su kuwa abin da ke biye da girbinsu dogon dare ne da ƙanƙara, ba wanda ya san ko zai ga bayan hunturun. Sai a yanka dabbobin da ba za a iya ciyarwa ba, a yi shagali, ana kuma imanin cewa a daren nan aljanu na fitowa su cuɗanya da mutane. Sai dai fa labarin Sawin malaman coci ne suka rubuta shi, ƙarnuka bayan Kiristanci ya shiga ƙasar, don haka a riƙa tace abin da ake turowa a WhatsApp.

Sunan Halowin ɗin ma na coci ne, ma'anarsa jajibirin ranar tsarkaka. Tun ƙarni na 8 zuwa na 9 cocin Turai ya tsayar da 1 ga Nuwamba don tunawa da tsarkakansu, daga baya aka ƙara 2 ga wata don yi wa matattu addu'a. Ka ga ke nan mai cewa babu addini a ciki bai faɗi daidai ba.

To ga inda abin ya fi ja mini hankali. A Ingila talakawa da yara kan bi gida-gida a waɗannan kwanaki, a ba su ɗan burodi, su kuma su yi wa mamatan gidan addu'a. A Sukotland yara kan ɓad da kama, su yi waƙa ko wasa a ƙofar gida, a ba su 'ya'yan itace ko kwabo. Jama'a, wannan bai tuna muku da komai ba? Azumi ya kai goma, an sha ruwa, sai ga yaro ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki ya zama tsoho mai tumbi, wani ya shafe jiki da toka da gawayi, 'yan mata da ƙwarya a cikin ruwa suna kaɗawa, matan gida su auno gero ko dawa su zuba musu. Ba ina cewa tashe da Halowin tushensu ɗaya ba, ko kusa. Namu daga tayar da mutane sahur ya samo suna, kuma habaici da gyaran hali ke cikinsa, kamar yadda Nalako ke tsokanar gwagware a Kano. Amma dabarar ɗaya ce: lokaci mai alfarma a addini, sai marar shi ya samu hanyar karɓa daga mai shi ba tare da kunyar bara ba.

Sauran labarin na Amurka ne. Yunwar da ta faɗa wa Ayalan daga 1845, da cuta ta cinye dankalinsu, ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu miliyan. Da al'adar suka tafi. Can gida wani saiwa suke fafewa su sa wuta a ciki, a Amurka suka tarar da kabewa, ta fi girma da sauƙin fafewa. Eh, kabewar nan dai ta miyar taushe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin alewa da na fim suka karɓe ragamar, yanzu Amurkawa na kashe sama da dala biliyan 10 duk shekara a kansa. Wannan sigar ce ke iso mana ta waya, ba girbi a cikinta, ba addu'a, sai saye.

Ni ba zan sa wa ɗana kayan fatalwa ba, dalilina kuwa shi ne tushen addinin da na ambata, ba tatsuniyar shan jini ba. Amma abin da ya fi damuna yana gida. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha sanar da dakatar da tashe, saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya sun mai da shi mafaka. A ƙauyukanmu na Kibiya da Rano har yanzu yara na ɗan taɓawa, amma a wasu unguwannin birni akwai ɗan shekara goma da ya san kabewa mai haƙora, bai taɓa ganin gemun auduga ba.