Gogen Cape Breton: Yadda Ta'aziyyar Gaggawa Ta Raya Kiɗa

A shekarar 1972, gidan talabijin na ƙasar Kanada, CBC, ya nuna wani shiri na Ron MacInnis mai suna The Vanishing Cape Breton Fiddler, wato mai gogen Cape Breton da ke gab da ɓacewa. Abin da shirin ya faɗa a fili yake: masu goge na tsibirin sun manyanta, matasa sun karkata ga kiɗan zamani, nan gaba kaɗan za a nemi mai ɗaukar goge a rasa. Mutanen tsibirin ba su ji daɗin wannan ta'aziyya da aka yi musu tun mara lafiyar yana numfashi ba. A watan Yuli na 1973, masu goge fiye da 130 suka hau dandamali ɗaya a ƙauyen Glendale, suka yi kiɗa a gaban dubban jama'a. Daga wannan taro ne salon koyar da kiɗan ya sauya, kuma sauyin ya zo da riba da hasara waɗanda har yau ake aunawa.

Cape Breton tsibiri ne a lardin Nova Scotia, a gabashin Kanada. Gogen da ake magana a kai shi ne na Turawa, mai tsirkiya huɗu, wanda ake tokarewa tsakanin haɓa da kafaɗa a goga shi da baka mai izgar doki. Ya iso tsibirin ne a hannun 'yan ƙaura daga tsaunuka da tsibiran yammacin Scotland, masu magana da harshen Gaelic, ɗaya daga cikin harsunan Celtic. Tun daga ƙarshen ƙarni na 18, masu filaye a can suka shiga korar manoma 'yan haya domin su zuba tumaki, waɗanda suka fi kawo kuɗi. Jirgin ruwa mai suna Hector ya sauke kusan mutum 200 a Pictou, a babban yankin Nova Scotia, a 1773. Daga farkon ƙarni na 19 zuwa tsakiyarsa kuma, dubban iyalai suka ƙetara zuwa Cape Breton kansa.

Yadda suka zauna ya taimaka wa kiɗan. Dangi dangi suka sauka, unguwa unguwa: mutanen Lochaber suka taru a Mabou, mutanen tsibirin Barra suka zauna wajen Iona. Kowane yanki ya riƙe karin harshensa da salon gogensa. Ruwa ya raba su da sauran ƙasar, domin sai a 1955 aka buɗe hanyar Canso da ta haɗa tsibirin da babban yanki. A can Scotland kuwa abubuwa sun ɗauki wata hanya. Masu wa'azin tsananta addini na ƙarni na 19 sun ƙyamaci goge, har aka tara shi aka ƙone a tsibirin Skye. A birane kuma gwanaye irin su James Scott Skinner, wanda ya rasu a 1927, sun mayar da shi kiɗan zauren kallo, mai laushi da ado, wanda ake sauraro a zaune. Cape Breton ma bai tsira daga tsangwama ba. Har yau ana ba da labarin Fada Kenneth MacDonald na Mabou, wanda ya bi gidaje yana ƙwace goge, da yadda wasu suka miƙa masa tsohon suka ɓoye mai kyau. Duk da haka kiɗan ya ci gaba da aikinsa na asali, wato sa mutane rawa.

Makarantar wannan kiɗa a da ita ce ɗakin girki. Kalmar céilidh, wadda yau ake kiran bikin kiɗa da ita, a harshen Gaelic ziyara take nufi. Maƙwabta su taru da daddare a gidan wani, a sha shayi, a yi labari da waƙa, sannan a miƙa goge ga wanda ya iya. Yaro yakan shekara da shekaru yana sauraro kafin ya taɓa tsirkiya. Uwa ko kaka takan rera masa karin da baki, wani lokaci da kalmomin Gaelic da aka ɗora a kai domin a riƙe shi, abin da ake kira puirt-à-beul, wato kiɗan baki. Kafin ya ɗauki baka, kunnensa ya riga ya san inda ake dannawa da inda ake sassautawa.

Jarrabawar kuma a filin rawa ake yin ta. Rawar tsibirin ta ƙafa ce, kusa da ƙasa, hannuwa a sake, dunduniya da yatsu suna fitar da kowane bugu. Mai goge yakan fara da strathspey, kari mai tsinke-tsinke, sannan ya zarce cikin reel mai gudu ba tare da ya tsaya ba, yana buga ƙafa, mai fiyano yana mara masa baya. Idan lokacinsa ya goce, ƙafafun masu rawa ne za su fara tona shi. Hausawa sukan ce in kiɗa ya sauya, rawa sai ta sauya. A Cape Breton rawar ce ta hana kiɗan sauyawa.

Buddy MacMaster misali ne na wannan tsohuwar tarbiyya. An haife shi a 1924, ya tashi a Judique cikin gidan da ake jin Gaelic. Ya yi aiki da kamfanin jirgin ƙasa na Kanada daga 1943 zuwa 1988, yana gwajin gogensa a tasha tsakanin wucewar jirgi da jirgi, da daddare kuma ya tafi zauren rawa. Shekaru masu yawa shi ne mai kiɗan rawar Glencoe Mills. Sai a 1989, bayan ya ajiye aiki, ya fitar da faifansa na farko. Sunansa ya kafu ne a bakin masu rawa tun kafin wani kamfani ya naɗi sautinsa.

Shirin 1972 bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, rashin aiki ya kwashi matasa zuwa Boston da Detroit da Toronto. Talabijin ya shiga gidaje ya cinye lokacin ziyarar dare. Iyaye da yawa sun daina yi wa 'ya'yansu Gaelic, domin makaranta da kasuwar aiki Turanci suke so. Hanyar da kiɗan ke bi daga kaka zuwa jika ta fara toshewa. Kuskuren shirin shi ne ƙidaya: ya ga 'yan tsirarun da ke kiɗa a bainar jama'a, bai ga ɗimbin masu goge da ke kiɗa a gidajensu kawai ba. Su ne Frank MacInnis da Fada Eugene Morris da abokan aikinsu suka bi ƙauye ƙauye suna zaƙulowa, Fada John Angus Rankin kuma ya jagorance su a dandamalin Glendale. Daga wannan yunƙuri aka sami Ƙungiyar Masu Goge ta Cape Breton, wadda take nan har yau.

Taro ɗaya ba ya haifar da magada, shi ya sa aka koma ga aji. Aka shiga buɗe darussan rukuni a zaurukan coci da makarantu, malami ɗaya da yara da yawa, da takardar kiɗa a gabansu. Rubutu ba baƙo ba ne a tsibirin, domin tsofaffin gwanaye sun daɗe suna tono karuruwa daga littattafan Scotland irin su Athole Collection na 1884 da Skye Collection na 1887. Sabon abu shi ne yaro ya fara da takarda kafin kunne. Stan Chapman na daga cikin malaman da suka fi tasiri. Cikin ɗalibansa akwai Natalie MacMaster, 'yar ɗan'uwan Buddy, wadda aka haifa a 1972, shekarar da aka yi wa kiɗan ta'aziyya, da Ashley MacIsaac, wanda aka haifa a 1975. Dukansu biyu sun kai gogen tsibirin manyan dandamalai na duniya. Ajin ya buɗe ƙofa ga 'yan mata, waɗanda a da aka fi ajiye su a kan fiyano, da yaran gidajen da ba su gaji kiɗa ba. Kwalejin Gaelic da ke St. Ann's, wadda aka kafa a 1938, ta zama matattarar darussan bazara.

Ribar ta kai har ƙasar asali. A 1996 aka buɗe makarantar bazara ta Ceòlas a tsibirin South Uist na Scotland, inda ake gayyato malaman goge da rawa daga Cape Breton su koyar da salon da jikokin 'yan ƙaura suka adana. A 1997 kuma aka fara bikin Celtic Colours, wanda ake yi kowane Oktoba, ana rarraba wasanninsa cikin zaurukan ƙauyuka a faɗin tsibirin.

Hasarar ta fi wuyar aunawa. Dattawa suna da kalmar blas, wato ɗanɗano, kuma sukan ce gwanin gaske akwai Gaelic a cikin gogensa: tsawo da gajartar wasulan harshen, da nauyin da yake ɗorawa a farkon kalma, suna fitowa a jan baka. A farkon ƙarni na 20 masu jin Gaelic a Nova Scotia dubun-dubata ne. Yau waɗanda suka tashi da shi a matsayin harshen uwa 'yan ƙalilan ne. Wasu na ganin cewa ɗaliban aji sun fi iyayensu tsabtar sauti da sauri, amma salon Mabou da na Iona suna narkewa cikin salo guda. Wasu kuma suna cewa muddin ana rawa, ɗanɗanon yana nan a ƙafa ko da ya bar harshe.

Malaman tsibirin da yawa sun ɗauki darasi daga wannan muhawara. Suna koyar da kari da kunne kafin su nuna takarda, suna ba ɗalibai tsofaffin kaset ɗin da aka naɗa a ɗakunan girki, suna kuma tura su zauren rawa. A West Mabou ana yin rawar daren Asabar wadda yara da kakanni ke shiga tare, kuma a irin wannan zaure ne ɗalibin da ya gama aji yake zama kusa da mai fiyano, ya ja baka, ya jira ya ga ko jama'a za su miƙe.