Daren da Rana ta Kama Wata

Ranar 2 ga Satumba, 1830, wasu Turawan Ingila 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, suna zaune a Bussa, bakin Kwara, sai wata ya yi husufi. Sun rubuta yadda gari ya ruɗe da kiɗan ganguna da kururuwa, jama'a na cewa rana ce ta kama wata tana jan sa. Tsohuwar Bussa ta nutse cikin tafkin Kainji tun 1968, amma labarin daren ya tsira domin wani ya ɗauki alƙalami.

Mai karatu ɗan Kurfi ko Dutsin-Ma ba zai ji wannan baƙo ba. Haka dattawanmu suka taso, yara na dukan gwangwani da ƙwarya suna roƙon rana ta saki wata, malamai kuma suna sallar husufi. Turawan sun kira abin jahilci. Ni dai ina ganin tausayi ne ga wanda aka zalunta, ko da a sama yake. Alhali rana ba ta kama kowa ba: duniya ce ke shiga tsakani, inuwarta ta lulluɓe wata, ya yi jawur.

Husufin 27 ga Yuli, 2018, ya rufe wata ruf har awa 1 da minti 43. Matasa suka hana idonsu barci, wayoyi a sama, suna fakon giragizan damina su janye. Hotunan sun fito ɗan ɗigon ja cikin duhu. Waƙoƙin yaran da kuwa, har yau a bakin tsofaffi suke.