Daga Kafanchan 1987 Zuwa Zonkwa 2011: Wa Ya Kashe Su?

Yau zan ɗan taɓa tarihin yankinmu na kudancin Kaduna. Ni ba malamin tarihi ba ne, ɗan kasuwa ne ɗan ɗan kasuwa, karatuna bai wuce sakandare ba. Abin da zan kawo, wani na ji shi a bakin manya a shago, wani kuma na bi na karanta da kaina, domin akwai tambayar da ta daɗe tana damuna.

Kakana ciniki ne ya kawo shi Kafanchan, lokacin da jirgin ƙasa ke tashe, garin kuma mahaɗar layin dogo ce. Babana ya gaji sana'ar, yana sayen citta daga manoman ƙasar Jaba yana kai wa 'yan kasuwa. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ina ɗan shekara goma da wani abu, aka ƙone kasuwar Kafanchan. Kayan babana sun tafi, amma ba shi ne abin da ya fi ci masa rai ba. Yaron shagonsa, wanda ke goya ni a keke, ya fita bai dawo ba, sai gawarsa aka gani. Wani manomi Kirista da suka yi shekaru suna ciniki da babana, shi ma ya rasa ƙaninsa a kwanakin. Babana ya je inda ya kamata ya ba da bayani, aka rubuta, aka ce za a neme shi. Har yau ba a neme shi ba.

Da na girma sai na tambayi kaina: shin haka aka saba yi ne, ko kuwa namu ne ya zo da rashin sa'a? Ga abin da na gano.

Ranar Juma'a 6 ga Maris, 1987, rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista, a kan wa'azin wani mai suna Abubakar Bako. Kafin a ankara wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone masallatai da majami'u, aka rasa rayuka. Gwamnan jiha na lokacin, Abubakar Dangiwa Umar, ya kafa kwamiti ƙarƙashin Hansine Donli. Ita kuwa gwamnatin Janar Babangida sai ta kafa Dokar Soja ta 2 ta 1987, wadda ta ba da damar kafa kotu ta musamman a kan tarzoma, aka ba Mai Shari'a Karibi-Whyte shugabancinta. Mai karatu ya riƙe wannan doka a ransa, domin za mu sake haɗuwa da ita.

Bayan shekara biyar sai ga Zangon Kataf. Majalisar ƙaramar hukuma ta yanke shawarar ɗauke kasuwar garin zuwa wani sabon wuri. Hausawan Zango suka ƙi, Katafawa, wato mutanen Atyap, suka goyi baya. Duk ɗan kasuwa ya san cewa ɗauke kasuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ke da rumfa shi ke da abinci. Amma a ƙarƙashin maganar kasuwar akwai tsohon ƙorafi na filayen noma da na sarautar da ake naɗowa daga Zazzau. Ranar Alhamis 6 ga Fabrairu, 1992, aka gwabza, mutane da dama suka mutu. Gwamna Dabo Lere ya kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Rahila Cudjoe. To, ana cikin wannan, ba a kai ga hukunta kowa ba, sai ranar Juma'a 15 ga Mayu abin ya sake ɓarkewa fiye da na farko. Aka kashe ɗaruruwan mutane, aka rusa garin Zango, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba a Kaduna da Zariya.

Babangida ya zo da kansa ya ga ɓarnar, ya yi alkawarin hukunci. Aka kafa kotu ta musamman ƙarƙashin waccan doka ta 1987, Mai Shari'a Benedict Okadigbo na shugabanta. Babban wanda aka gurfanar shi ne Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya, tsohon gwamnan soja na Jihar Ribas. A nan ne shari'ar ta fara tangal-tangal. Gwamnati ta fito da Dokar Soja ta 55 ta 1992 wadda ta toshe hanyar kai ƙara gaban kotunan da aka saba. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma, ƙarƙashin G.O.K. Ajayi, suka janye. Ɗaya daga cikin 'yan kotun, Godwin Graham-Douglas, ya ajiye aiki. Duk da haka a watan Fabrairu na 1993 aka yanke wa Lekwot da wasu mutanensa hukuncin kisa. Daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara biyar, kuma ba su cika wa'adin ba aka sake su. A 1995 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yanke cewa an tauye musu haƙƙin samun shari'ar adalci. A wannan shekarar ce kuma aka yi amfani da irin wannan kotu aka yanke wa Ken Saro-Wiwa hukunci a Fatakwal, shi kam aka rataye shi.

Mai karatu, ka duba abin da wannan shari'a ta haifar. Katafawa suna ganin an zalunci shugabanninsu don a faranta wa wasu rai. Hausawan Zango suna ganin an kashe musu 'yan uwa, an kuma saki waɗanda kotu ta kama. Kowane ɓangare ya tashi da miki. Da an yi bincike na gaskiya, an tara shaida, an bar kofar ɗaukaka ƙara a buɗe, da ko an ɗaure ko an sallama, hukuncin zai tsaya da ƙafarsa. Gaggawa ta sa an rasa duka biyun.

Sai 2011. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, kuma mafi yawansu a kudancin Kaduna ne, a wurare irin su Zonkwa da Matsirga da Kafanchan. Shugaba Jonathan ya kafa kwamiti ƙarƙashin Sheikh Ahmed Lemu, Gwamna Patrick Yakowa shi ma ya kafa hukumar bincike ta jiha. A ƙarshen 2013 ƙungiyar ta fitar da rahoto a kan Filato da Kaduna, inda ta nuna cewa shaidu sun kai sunayen waɗanda suka gani da idonsu, amma da ƙyar ake samun wanda aka gurfanar a kan kisa. Sunan rahoton ma daga bakin mutanenmu aka ɗauko shi, ma'anarsa a bar wa Allah komai.

Abin da na fahimta shi ne, akwai bambanci tsakanin hukumar bincike da binciken 'yan sanda. Hukuma tana sauraren jama'a, ta faɗi musabbabin rikici, ta ba da shawara, amma ba ta ɗaure kowa. Aikin gano wanda ya riƙe addar na ɗan sanda ne: ya je wurin da abin ya faru, a duba gawa, a ɗauki bayanin shaidu, a haɗa fayil a miƙa wa ma'aikatar shari'a. Idan aka kashe mutum ɗaya a unguwa, haka ake ƙoƙarin yi. Idan aka kashe ɗari sai a kira shi rikici, a sa dokar hana fita, a binne gawawwaki a rami ɗaya, a kira sarakuna da malamai taron sulhu. Ke nan wanda ya kashe mutum a cikin taro ya fi wanda ya kashe shi kaɗai samun tsira. Kuma idan ba a kama mai laifi da sunansa ba, laifin sai ya hau kan ƙabilarsa da addininsa gaba ɗaya, yaran da ba a haifa ba ma su gaje shi.

Ba na raina sulhu. Ƙirƙiro masarautar Atyap a 1995 ya rage wani ɓangare na ƙorafin. Babana da abokin cinikinsa har gobe suna auna citta tare, suna gaisawa a kan rasuwa da haihuwa. Amma ko sau ɗaya ban ji sun yi maganar waɗancan kwanaki ba, kuma mahaifiyar yaron shagonmu ta rasu ba ta san wanda ya kashe ɗanta ba.

Roƙona ga matasa 'yan uwana, Musulmi da Kirista: kowa ya tambayi manyan gidansu sunayen waɗanda aka rasa, da rana, da wuri, ya rubuta ya ajiye. Laifin kisa ba ya tsufa a gaban doka. Wanda kuma ya ga na yi kuskure a wani wuri, ya gyara mini, zan gode. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.