Zare: Shekara 76 Wonder Woman tana jiran fim ɗinta 🧵

1/ Jama'a, ku matso. Yau zan ba ku tarihin yadda Hollywood ta riƙa yi da mata a finafinan jarumai irin su Superman da Batman. Abin da na lura da shi: in fim ɗin namiji ya faɗi, sai a ce fim ɗin ne bai yi ba. In na mace ya faɗi, sai a ɗora wa mata laifin gaba ɗaya.

2/ A 1941 William Moulton Marston ya ƙirƙiro Wonder Woman a littattafan zane na Amurka. Da aka saka ta a ƙungiyar jarumai ta Justice Society, kun san muƙamin da aka ba ta? Sakatariya! Mace mai ƙarfin ɗaga mota sama, wai ita ce mai rubuta bayanan taro.

3/ A 1994, a littafin zane na Green Lantern, aka kashe budurwar jarumin, aka cusa gawarta cikin firiji don kawai ya fusata ya nemi fansa. A 1999 marubuciya Gail Simone ta fara jero matan da aka yi wa irin haka. Wannan salon ya bi su har cikin finafinai.

4/ Supergirl ya fito a 1984, bai yi kasuwa ba. Catwoman na Halle Berry a 2004, an kashe masa kusan dala miliyan 100, bai ma dawo da uwar kuɗi ba. Elektra a 2005, shi ma bai yi kasuwa ba.

5/ Bayan kutsen da aka yi wa kwamfutocin Sony a 2014, wani imel na shugaban Marvel na lokacin, Ike Perlmutter, ya fito fili. A ciki ya jero waɗannan ukun a matsayin finafinan mata da suka yi asara. Wake ɗaya ya ɓata gari kenan.

6/ To amma maza fa? Batman & Robin na 1997 ya sha suka, a 2005 aka dawo da Batman Begins. Green Lantern na Ryan Reynolds ya faɗi a 2011, a 2016 aka ba shi Deadpool. Kun ga bambancin?

7/ Sai 2017 Patty Jenkins ta ba da umarnin Wonder Woman, Gal Gadot ta fito a ciki, ya tara sama da dala miliyan 800. Captain Marvel a 2019 ya haura biliyan 1.

8/ Black Widow kuwa tun 2010 take tare da su Iron Man, amma sai da aka kashe ta a Endgame a 2019 kafin a ba ta nata fim ɗin a 2021. Haba!

9/ A 2022 Warner Bros. ta jingine Batgirl bayan an gama ɗaukarsa. A 2023 The Marvels bai yi kasuwa ba, nan take tsohuwar magana ta dawo, wai mutane ba sa son jaruma mace.

10/ Ni dai a ganina, Catwoman rashin labari mai kyau ne ya kayar da shi, kamar Green Lantern. Ku da kuka kalli Okoye da Shuri a Black Panther, wa kuka ga ya tashi ya bar kallo don su mata ne? Ina jiran ra'ayinku a ƙasa.